Katako, Gam da Tsarkiya: Kimiyyar da ke Cikin Ƙirar Jita da Hannu

A gidan adana kayan kiɗa na birnin Basalona, a ƙasar Sifen, akwai wata jita da aka haɗa a shekarar 1862. Wanda ya hango ta daga nesa ba zai ga wani abin mamaki ba, domin siffarta irin ta sauran 'yan'uwanta ce. Sai an matso kusa ake gane cewa bayanta da gefenta da kwali aka yi su. A duk jikin akwatinta, fuskar kaɗai ce katako na gari. Wanda ya haɗa ta shi ne Antonio de Torres, wanda aka haifa kusa da Almeriya a 1817, ya yi aiki shekaru da dama a birnin Sebiya (wato Ishbiliya ta littattafan Larabci), ya kuma rasu a 1892. Masana tarihin kayan kiɗa suna ganin ya yi wannan aiki ne don ya nuna wa abokan sana'arsa cewa muryar jita daga fuskarta take fitowa, sauran jiki kuwa mataimaki ne. Girman jiki, da tsawon tsarkiya, da tsarin ciki da Torres ya daidaita, su ne har yau masu haɗa jitar gargajiya ta Sifen suke bi.

Me ya sa tsarkiya ke buƙatar akwati

Tsarkiya ita kaɗai ba ta da murya. Idan aka ɗaure ta tsakanin ƙusoshi biyu a jikin bangon siminti aka kaɗa, da ƙyar kunne zai ji wani abu. Dalili kuwa shi ne, sauti ba komai ba ne illa matsewa da sakewar iska bi da bi, tsarkiya kuma siririya ce ƙwarai, iska na sulalewa ta gefenta ba tare da an tura ta ba. Saboda haka dole a miƙa motsin tsarkiyar ga wani abu mai faɗi, mara nauyi, wanda zai iya tura iska da yawa. A garaya da gurmi, fatar da aka ɗaure a bakin ƙoƙo ce ke yin wannan aiki, jaki kuma shi ke isar da motsi daga tsarkiya zuwa fata. A jita ma akwai jaki, sai dai a maimakon fata, an sa fallen katako.

Wannan bambanci shi ke raba muryoyin kayan kiɗan biyu. Fata ba ta da nauyi, tana karɓe ƙarfin tsarkiya nan take, sauti ya fito da kaifi ya kuma mutu da wuri. Katako ya fi fata nauyi da tauri, yana tsotsar ƙarfin tsarkiya a hankali, shi ya sa amon jita ke daɗewa a kunne bayan an ɗaga yatsa.

Iskar da ke cikin akwatin ita ma tana da nata aiki. Duk wanda ya taɓa busa bakin kwalba ya ji yadda iskar ciki ke amsawa da murya guda mai kauri. Masanin kimiyya ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863, inda ya nuna cewa muryar ta dogara ga girman cikin kwalbar da faɗin bakinta. Akwatin jita da ramin da ke fuskarsa, mai faɗin kimanin milimita 85, kwalba ce irin wannan. Iskarsa na amsawa a wajen kaɗawa 100 cikin sakan ɗaya, wato dab da muryar tsarkiyoyi masu kauri, waɗanda mafi ƙasƙancinsu ke kaɗawa sau 82 a sakan. Ta haka ƙaramin akwati ke iya fitar da murya mai zurfi.

A nan ne babbar matsalar sana'ar take. Tsarkiyoyi shida na nailan suna jan jaki da ƙarfin da ya kusa kilo 40, na ƙarfe kuwa kilo 70 ko fiye, wato sun zarce nauyin buhun siminti. Wannan ja ba ya hutawa dare da rana, shekara da shekaru. Fallen da zai ɗauke shi kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, nauyinsa kuma bai kai rubu'in kilo ba. In an bar shi da kauri, jita za ta yi ƙarko amma ta zama bebiya. In an fere shi ya wuce kima, za ta yi murya mai daɗi na ɗan lokaci, sa'an nan fuskar ta kumbura a bayan jaki, ta lotsa a gabansa, ta lalace. Duk fasahar masassaƙin jita tana tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne.

Zaɓen itace

Itacen da aka fi so domin fuska shi ne sufurus, wani dogon itace na ƙasashen sanyi. Turawa sun daɗe suna amfani da irin da ke fitowa a duwatsun Alfus, wanda masana tsirrai ke kira Picea abies, Amurkawa kuma sun fi amfani da irin na Sitka, daga gaɓar tekun Alaska da Kanada. Daga shekarun 1960, José Ramírez na uku, a birnin Madrid, ya yaɗa amfani da jan sida na yammacin Amurka ta Arewa. Abin da ya haɗa itatuwan nan shi ne tauri tare da rashin nauyi. Sauti na tafiya a tsawon zaren sufurus da gudun kimanin mita 5,000 a sakan, kusan daidai da gudunsa a cikin ƙarfe, alhali kuwa nauyin sufurus bai kai rabin na ruwa ba.

Yadda aka tsaga gungumen ma abin lura ne. Ana raba shi kamar yadda ake yanka kankana, daga ɓawo zuwa tsakiya, domin layukan shekarun itacen su tsaya a tsaye cikin fallen. Katakon da aka yanka haka ya fi tauri ta fuskar faɗi, kuma motsinsa idan yanayi ya sauya kusan rabin na wanda aka yanka a kwance ne. Da yake da wuya a sami falle guda mai faɗin jita, sai a tsaga ɗaya gida biyu, a buɗe kamar littafi, a haɗa su a tsakiya, ta yadda hagu da dama za su zama tagwaye. Kafin a taɓa shi kuma sai ya yi shekaru a ajiye yana shan iska.

Baya da gefe ana yin su da itace mai nauyi. Wanda ya fi daraja a da shi ne Dalbergia nigra na Birazil, amma saran da aka yi masa ya kai ga yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1992. Sai aka koma ga ɗan'uwansa na Indiya. A farkon 2017 aka sa dukkan dangin Dalbergia cikin jerin masu buƙatar takardar izini, abin da ya girgiza kasuwar kayan kiɗa, har a 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka haɗa, ban da na Birazil.

A wannan fanni Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba 'yan kallo ba ne. Itacen da masu haɗa jita ke kira mahogani na Afirka, wanda ake yin wuya da baya da shi, ɗan gida ɗaya ne da maɗaci, dukansu daga jinsin Khaya. Itacen safele ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, inda a da ake lodin katako zuwa Turai. Baƙin katakon da yatsun makaɗi ke takawa a kai, wato eboni, ɗan'uwan kanya ne, kuma kaso mai yawa nasa daga dazuzzukan Kamaru yake fitowa. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde. Shugaban Taylor ya bayyana daga baya cewa masu sara sun shaida masa sukan kayar da itatuwa wajen goma kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, sauran masu ratsin fari a bar su su ruɓe a daji, domin kasuwa ba ta biyan kuɗin kirki a kansu. Ratsin nan kuwa ba ya rage wa katakon tauri ko kaɗan. Asarar ta ido ce kawai ta jawo ta, kuma tun daga lokacin kamfanin ya shiga sa eboni mai ratsi a jitocinsa.

Fuska da haƙarƙarinta

Masassaƙin turmi ko na molo yakan ɗauki gungume guda ya rarake shi da gizago. Mai haɗa jita kuwa da fallaye sirara yake aiki, don haka kayan aikinsa na fera ne da kankara: abin fere katako irin na kafintoci, babba da ƙarami, har da wanda bai fi babban yatsa ba, kurfi iri-iri, zarto mai siririn baki, magagari, wuƙa, mamatsai, da ma'aunin kauri mai nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wanda ya fi su sauƙi, kuma gwanaye suka fi ji da shi, shi ne makankari, wato ɗan fallen ƙarfe da aka lanƙwasa bakinsa kaɗan, wanda ke ɗebe katako siriri kamar ɓawon albasa. Yana barin fuska sumul, ba kamar samfefa ba, wadda ke yayyaga zaren itace ta cika ƙofofinsa da ƙura.

Aikin farko shi ne haɗa tagwayen fallayen nan. Ana fere bakunansu har sai an kara su a gaban fitila ba a ga ko ɗigon haske na ratsawa ba, sa'an nan a sa gam. Bayan an dasa zoben ado a kewayen rami, wanda ake haɗawa daga dubban 'yan gutsattsarin katako masu launi, sai a shiga rage kauri. A nan ma'auni kaɗai ba ya wadatarwa, domin fallaye biyu daga itace ɗaya suna iya bambanta a tauri. Masassaƙi yakan riƙe fallen da yatsu biyu kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa, ya saurari tsawon amonsa, ya tanƙwara shi a hankali ya ji yadda yake turjewa, ya ƙara kankarewa, ya sake gwadawa. Wani limamin coci da ya san Torres a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta cewa, da aka roƙe shi ya bar wa na baya sirrinsa, sai ya nuna cewa abin yana kan babban yatsansa da manuniya, waɗanda ke gaya masa ko katako ya kai, kuma wannan ba abin da za a iya gadar wa wani ba ne.

Masu bincike na zamani sun nemi hanyar ganin abin da yatsun nan ke ji. Sun ɗauko dabarar Ernst Chladni ta 1787: a barbaɗa yashi ko garin ganyen shayi a kan fallen, a girgiza shi da lasifika a murya guda, sai garin ya gudu daga wuraren da ke motsi ya taru a layukan da ke tsaye cik. Zanen da ya fito yana nuna yadda fuskar ke kaɗawa, da kuma a wace murya. Dabarar tana taimakawa wajen maimaita aikin da ya yi kyau, ko da yake ba ta gaya wa kowa wace murya ce mai daɗi, wannan hukuncin kunne ne.

Katako ya fi tauri a tsawonsa fiye da faɗinsa sau goma ko fiye, saboda haka fallen shi kaɗai ba zai jure jan tsarkiya ba. Sai a manna masa 'yan sanduna ta ciki, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Torres yakan jera guda bakwai a ƙarƙashin jaki, a baje kamar yatsun hannu ko maficin kaba. Bayan an manna su, ana fere kowanne da kurfi, a rage tsayinsa wajen ƙarshe. Lissafi ya nuna cewa taurin sanda yana bin tsayinta ninki uku a jere, wato in aka ninka tsayi sau 2, tauri zai ninku sau 8, alhali nauyi sau 2 kawai ya ƙaru. Wannan ne ya sa ake yin sandunan sirara masu tsayi, kuma shi ya sa ɗebe rabin milimita daga bayan sanda ke iya sauya muryar jita baki ɗaya. Abin da aka ɗebe kuwa ba ya komawa.

A Amurka an bi wata hanya dabam. Christian Frederick Martin, Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa New York a 1833, ya kuma koma garin Nazareth na Jihar Pennsylvania a 1839, gidansa ya shahara da gicciya manyan sanduna biyu a ƙarƙashin fuska. Da tsarkiyar ƙarfe ta yaɗu a shekarun 1920, sai aka tarar wannan tsari ne ya fi iya ɗaukar nauyinta. Ita ma jitar Sifen ba ta tsaya wuri ɗaya ba: tsarkiyar nailan ta maye gurbin ta hanjin tumaki a ƙarshen shekarun 1940, kuma a Ostireliya Greg Smallman ya fito da fuska siririya ƙwarai wadda ragar itacen balsa da zaren kabon ke riƙewa.

Wuta, ruwa da gam

Gefen jita, mai lanƙwasa kamar ƙugu, daga miƙaƙƙen falle mai kaurin kimanin milimita 2 ake yin sa. Ana jiƙa shi, a goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafin digiri 150 ko fiye a ma'aunin Selsiyas. Zaren itace yana zaune ne cikin wani sinadari mai suna liginin, wanda ke yin laushi idan ya sha zafi da tururi, ya sake daskarewa idan ya huce, sai katakon ya riƙe sabuwar siffarsa. Mai gaggawa zai ji ƙas, mai nawa kuma zai ga tabon ƙuna.

A tsarin Sifen, ana kifa fuskar a kan wani faifan katako mai ɗan zurfi a tsakiya, wanda ke ba ta ɗan tudu na milimita 2 ko 3, domin abu mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe juriya. Wuya da dunduniyarsa guda ne, ana tsaga ramuka biyu a dunduniyar a zura gefen a ciki, daga nan a rufe baya, a ɗaure da igiya har gam ya kama.

Gam ɗin gargajiya daga fatar dabbobi ake dafa shi, wato sinadarin kolajin ne. Ana jiƙa shi a ruwa, a ɗumama a tukunya cikin tukunya a wajen digiri 60. In zafin ya wuce haka da yawa ƙarfinsa ya lalace. Yana da wuyar sha'ani, domin da zarar ya fara hucewa ya zama kamar kamu, don haka sai an yi sauri. Amma yana bushewa da tauri kamar gilashi, ba ya saki a hankali a ƙarƙashin ja, kuma bayan shekara ɗari ana iya buɗe shi da ɗumi da danshi a yi gyara. Gam ɗin roba na zamani ya fi sauƙin aiki, masassaƙa da yawa suna amfani da shi, sai dai a wajen gyara tsohon ya fi shi.

Lissafin matakai

A kan wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka dasa a gicciye, waɗanda makaɗi ke danne tsarkiya a kansu. Wurin zamansu lissafi ne tsantsa. Marin Mersenne, Bafaranshe, ya nuna a 1636 cewa in aka raba tsawon tsarkiya biyu, yawan kaɗawarta zai ninka. Kiɗan Turai ya raba wannan tazara zuwa matakai 12 masu daidaito, kowane mataki ya ɗara na bayansa da ninkin 1.0595. A aikace, ana raba tsawon tsarkiya da 17.817. In tsawon milimita 650 ne, kamar yadda aka saba tun zamanin Torres, ƙarfen farko zai zauna a milimita 36.5 daga sama. A cire wannan, saura 613.5, a sake rabawa, a sami 34.4, haka har ƙarfe na 12 ya faɗo a 325, tsakiyar tsarkiya daidai. Masu aikin dā da 18 suke rabawa, kamar yadda Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo, ya bayar a 1581.

Sai dai lissafin takarda bai san yatsa ba. Danna tsarkiya yana ƙara miƙe ta, muryar ta ɗan haura. Domin a rama wannan, ana ja da ƙashin jaki baya da kimanin milimita 2. Shi wannan ƙashi, da na saman wuya, daga ƙashin saniya ake fere su. A dā da hauren giwa ake yi, kafin a hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989.

Shafe na ƙarshe shi ne shalak, wani danƙo da ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Ana narka shi a sifirit, a ɗiba da ƙunshin auduga cikin ƙyalle, a riƙa zagaya katako da shi sau ɗaruruwa cikin makonni, tare da ɗigon mai don kada ƙunshin ya manne. Abin da ke zama a kan fuskar bai kai kaurin takarda ba, don haka ba ya danne motsinta. Aibinsa shi ne farce da gumi suna yi masa illa da wuri.

Jita da hunturu

Katako ba ya daina shan danshi da fitar da shi, ko ya shekara ɗari da sarewa. Saboda haka masassaƙa ke tsare danshin ɗakin aikinsu a wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, inda ruwan da ke cikin katako ke tsayawa a kusan kashi 8. Jitar da aka haɗa a wannan yanayi, in ta iso Kano ko Damagaram ko Agadas a tsakiyar hunturu, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, ruwan cikinta zai iya sauka zuwa kashi 4 ko ƙasa. Fuska mai faɗin milimita 365 za ta nemi tsukewa da fiye da milimita 2, gefe da sandunan ciki kuma sun riƙe ta gam. Da farko doronta zai faɗa, tsarkiya ta fara gugar ƙarafa, bakunan ƙarafan su fito suna kartar hannu domin katakon wuya ya tsuke ya bar su. Daga nan sai tsaga ta bi layin itacen, galibi daga jaki zuwa ƙasa. Da damina kuma akasin haka ke faruwa: fuska ta kumbura, tsarkiya ta yi nisa da wuya, murya ta dushe.

Jitocin masana'anta masu araha, waɗanda aka yi da falle-falle da aka manna a gicciye, sun fi jure wannan sauyi, ko da yake muryarsu ba ta kai ta katako guda ba. Mai jitar katako guda kuwa, abin da ya kamata ya yi da hunturu shi ne ya riƙa ajiye ta cikin akwatinta a rufe, nesa da rana da murhu, tare da ɗan soso mai laima a cikin gwangwanin da aka huhhuda, ya kuma sassauta tsarkiyoyi idan zai daɗe bai kaɗa ba. In tsaga ta riga ta auku, kada a cusa mata gam nan take. Sai a fara mayar wa katakon danshinsa na 'yan kwanaki har bakin tsagar ya haɗu da kansa, sa'an nan a sa gam, a kuma manna 'yan ƙananan facin sufurus ta ciki, zarensu a gicciye da na fuskar.